Dutse Mai Santsi

A shekarar da na gina gidana a garin Isa ban iya zama wuri ɗaya ba. Ko tuwo aka kawo min a tsaye nake fara ci, sai matata ta turo min kujera da ƙafa. Ni ɗan kasuwa ne, ina ɗaukar kaya tsakanin kasuwanninmu da Nijar, yawo kuwa ba baƙona ba ne, amma na wannan shekarar ya fita daban. In ina Sakkwato hankalina yana Isa, in na dawo Isa kuma sai in ji kamar na bar tukunya a kan wuta a Sakkwato. Duk wannan saboda Inna ne, mahaifiyata, wadda ta ce da zarar an yi girbi za ta koma ƙauye.

Ƙauyenmu yana bayan Gatawa. Can aka haife ni, can aka rufe Babana. Lokacin da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, har ta kai mutum ba ya zuwa gonarsa sai da izininsu, na je na ɗauko Inna a bayan mota, daga ita sai zanen jikinta da buta. Ba ta yi gardama ba a ranar, don ta ga abin da ta gani. Amma tun da ƙafarta ta taka Isa take lissafin komawa. Wanda ya san halin da ƙauyen ke ciki ya san abin da komawar tsohuwa ita kaɗai ke nufi, ni kuwa ba ni da bakin hana ta. Ɗa ba ya ce wa uwarsa zauna, balle ni da nake ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika fuskantata da magana ba. In tana da saƙo gare ni sai ta juya wajen matata, ko da ina tsaye a gabanta.

"Hwaɗa mashi ni baƙuwa ta a gidan ga," in ji ta wata rana, tana duban bango. "Baƙo ko raɓa na. In anka yanke gero za ni gida."

Na fita na zagaye gidan sau ba adadi, ina taɓa bulo ina buga ƙofa, kamar mai duba aikin magina. Abin da kaina ya ba ni shi ne in ƙawata gidan har ta ji ba ta iya barinsa. Tunanin ɗan kasuwa ke nan, wanda ya saba cewa in kaya sun yi kyau mai saye ba ya wucewa.

Na fara da ɗakinta. Na sa aka shimfiɗa tayil fari mai ƙyalli, aka sa fanka, aka kawo gado. Rana ta biyu ta yi alwala ta shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa, tayil ya kwashe ta ta zauna daɓas. Allah ya kiyaye ba ta ji ciwo ba. Ta miƙe ta naɗe tabarmarta, ta fito tsakar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta shimfiɗa, ta ce wa matata ita ba ta da lalurar da za a kwantar da ita asibiti. Daga ranar nan ɗakin sai barci, shi ma a kan tabarma, tana bin bango kafin ta kai.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni kuwa sai na koma kan kicin. Matata ta taɓa ganin kantar dutse, wato teburin girki, a kicin ɗin yayarta a Sakkwato, ta ambata sau ɗaya, cikin hira, ba da nufin a yi mata ba. Na cafke maganar kamar mai jira. Na ce ai wurin girki ne ke riƙe mace a gida, in Inna ta ga wurin girkin da ba ta taɓa gani ba, wataƙila zuciyarta ta kwanta. Ban tsaya na tuna cewa Inna a durƙushe ta yi girkin duk rayuwarta ba, kuma kantar da nake magana a tsaye ake aiki a kanta.

A Sakkwato na sami shagon masu sayar da irin waɗannan duwatsu, an jera su a tsaye kamar ƙyamaren shaguna. Mai shagon mutum ne mai zaƙin baki, kowane dutse na taɓa sai ya ce shi ne sarkinsu. Ya nuna min mabul fari mai jijiyoyi ruwan toka, sanyi kamar randa. Ya nuna min wani mai launin ƙasa-ƙasa, mai laushin taɓi, ya ce manyan mutane shi suke sa wa a falo. Ga giranayit iri-iri, mai ɗige-ɗige fari da baƙi, da mai ja-ja, da baƙi wuluk wanda na ga fuskata a ciki har da hular da ta karkace. Can gefe kuma ga wani wanda ya ce na kamfani ne, niƙaƙƙen dutse aka haɗa da danƙo aka zuba, shi ya sa launinsa bai da aibi ko ɗaya.

"Wane ad da ƙwari?" na tambaye shi.

"Alhaji, dukkansu hal jikokinka."

"To in dukkansu ɗaya na, mi yas sa kuɗɗinsu ba ɗaya ba?"

Ya yi dariya ya ce ni ɗan kasuwa ne. Na ce tun da ya gane, ya ba ni gutsattsarin kowanne in je gida in gwada, don ni ko gishiri ba na saye sai na ɗanɗana. Na cika aljihun rigata da su, kafin in kai tasha aljihun ya yage, na bi titi ina tsintar duwatsu mutane suna kallona.

A gida na jera su a kan tabarma, na ce wa matata ta kawo duk abin da take aiki da shi. Ta kawo lemun tsami da jiƙon tsamiya da manja da wuƙa, na ce a ƙaro garwashi. Mabul shi ya fara ba ni kunya, ga shi kuwa shi zuciyata ta fi so. Na matsa masa lemun tsami, kafin a idar da sallar la'asar wurin ya dushe, ƙyallin ya tafi kamar an lashe. Manja kuma ya shige shi, mun wanke da sabulu mun goge da toka, rawayar tana nan. Kyan ɗan maciji ke nan. Mai launin ƙasan nan ya fi shi lalaci, wuƙa kawai na ja a kansa ta bar layi, ruwa kuma yana shansa kamar tulu sabo. Na kamfanin ya jure tsami ya jure manja, har na fara murna, sai na ɗora masa garwashi ya bar tabo ruwan ɗorawa da wari irin na ƙonanniyar roba. Matata ta ce ita tukunya daga wuta take sauke ta inda hannunta ya kai, ba ta da lokacin lallashin dutse.

Saura giranayit. Mai ɗige-ɗigen bai ji tsami ba bai ji wuta ba, sai dai manja ya bar masa inuwa wadda ta kwana ba ta tafi ba. Baƙin kuwa na yi masa duk abin da na sani. Na matsa lemu, na zuba manja, na ɗora garwashi, na kankare shi da wuƙa har bakin wuƙar ya lanƙwashe, aka goge da tsumma ya koma yadda yake. Aibinsa ɗaya, ko yatsa ka ɗora sai ya nuna, ko ɗigon ruwa ya bushe sai an gani.

Birkilan da ke min aiki yana gefe yana kallo. Ya ce shi a ganinsa a zuba siminti a lulluɓe da tayil a huta, in kuma dutse nake so dole, ga marmara nan ja a bayan gari kyauta. Na ce marmara ta harsashin gini ce, in aka yanka albasa a kanta sai a ci miya da tsakuwa. Ya ce ai shi ma wasa yake yi.

Da an bi gwaji magana ta ƙare, baƙin ya ci. Amma ni ba dutse ne ke damuna ba, shi ya sa na kasa yankewa. Yau in ce baƙi, gobe in ce baƙi zai sa kicin duhu, gara mai ɗige-ɗige. Jibi in tuna sanyin mabul in ce ai sai a riƙa kiyaye shi da tsami. Na koma Sakkwato na sake komawa, a kan hanyar nan da in mota ta shiga daji kowa ke yin shiru, direba ya kashe rediyo, ba ka jin komai sai motsin leɓɓa. Matata ta gaji ta ce min, "Maigida, kai kaɗai na sani ka bin hanyag ga don kallon dutsi. In wani abu yas same ka, mi za ni ce ma Inna?" Na san gaskiya ta faɗa, kuma na ji haushinta, washegari ma sai da na tafi.

Duk gwajin nan Inna tana ƙarƙashin dogon yaro tana kallo ta wutsiyar ido. Wata rana na ga ta miƙo hannu ta ɗauki guntun baƙin. Ta juya shi ta duba bayansa mai kaushi, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta saurara, sannan ta shafa fuskar mai ƙyalli da babban yatsa.

"Jikinai na da kyau," ta ce wa matata. "Amma ya mutu, ba shi da haƙora. Wa yas saida mashi mataccen dutsi?"

Na yi dariya na ce ai santsin shi ne abin, inji ne ke goge shi haka. Inna ta ajiye shi. Ni kuwa abin da na riƙe shi ne ta ce jikinsa yana da kyau, kuma wannan ne karo na farko da ta yaba wani abu a gidan. A makon nan na je na sayi baƙin.

Babbar mota ta kawo shi, falle biyu, dogo da gajere. Mai ɗora shi a kan kantar kicin sai daga Sakkwato, don birkilana ya ce shi bai taɓa ba kuma ba zai koya a kan kayana ba. Mutumin ya ce yana nan tafe. Mako ya wuce ya ce hanya ba kyau, wani ya wuce ya ce injinsa ya lalace. Birkila ya ce barin dutsen a jingine hatsari ne, ya baje sauran yashin gini a gindin katanga ya daidaita, muka kwantar da fallayen a kai muka rufe da buhunan siminti. Ni kuma tafiya ta kama ni zuwa Maraɗi.

Gero ya riga ya nuna a lokacin. Duk gonar da muka wuce na ga an fara karya kara sai gabana ya faɗi, don kowane dami da aka ɗaure yana matso da ranar da Inna ta ambata. A Maraɗi ban tsaya ciniki yadda na saba ba, na sallamar da kaya na juyo.

Da rana tsaka na iso. Tun daga zaure na ji wani sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali ba gaggawa. Na san sautin nan tun ina yaro, amma ban taɓa zaton jinsa a gidana ba. A ƙauye in dutsen niƙa ya daɗe yana aiki yakan yi santsi, ya daina kama hatsi, sai a ce ya mutu. Sai mace ta ɗauko makodi, wani dunƙulallen dutse mai tauri, ta bi fuskarsa tana sara kaɗan-kaɗan har ya sake yin kaushi. Shi ake kira koda. Gidan da aka ga dutsen niƙa yana ƙyalli, an san matar gidan malalaciya ce, kuma za a faɗa a bakin rijiya.

Na shiga na tarar da Inna a durƙushe gaban dogon fallen, ta ɗaure zane a ƙugu, makodi a hannu, farar ƙura har gwiwar hannunta. A tsakiyar baƙin madubin nan ta buɗe fili mai faɗin faifai biyu, fari-fari, mai kaushi kamar harshen saniya. Tsofaffi biyu da ban sani ba suna zaune a gefe suna nuna mata inda ya rage. Matata tana bakin kicin ta rufe baki da hannu.

Kaina ya yi zafi har na ji kunnuwana suna ƙara. Ina da saurin fushi, duk kasuwa an san ni da shi, amma wannan fushin ba shi da inda zai sauka. Na gaida Inna, ta amsa ba ta ɗago ba. Na yafuto matata zuwa zaure.

"Ke kina ina anka yi wanga aiki?"

"Ina nan."

"Kina nan, kika bari?"

"In hana Inna? Da wane baki?" Idonta ya kawo ruwa. "Kantata ta hwa, Maigida. Ni ma na shiga ɗaki na yi kukana na share."

Sannan ta ba ni labari. Bayan tafiyata iska ta yaye buhu ɗaya, Inna ta ga dutsen. Ta tsaya a kansa ta daɗe, ta ce an cuci yaron nan, an sayar masa da dutsen da wasu suka gama cin amfaninsa, kunya ce ta sa ya rufe shi da buhu ya gudu Nijar. Ta ce ba za a ce tana cikin gida dutsen gidan yana ƙyalli ba. Ta yafa mayafi ta fita, ita da ko ƙofar gida ba ta taɓa leƙawa ba tun zuwanta, ta bi gida-gida tana cigiyar makodi, har ta samu wajen wata tsohuwa da ta yi hijira daga wajen Tozai. Tsohuwar ta biyo ta don ta ga dutsen, ta kuma jawo ƙawarta.

"Kuma tun da munka zo garin ga," in ji matata, "ban ga Inna ta cinye tuwonta ba sai kwanakin ga."

Na juya na fita. Na je tasha ba ni da wanda zan tara, na zaga kasuwa ba ni da abin saye. Na kira mai shagon Sakkwato na tambaye shi ko ana iya mayar da ƙyallin. Da ya gane abin da ya faru ya yi dariya har da tari, ya ce tun da yake sana'ar bai taɓa jin irin wannan ba, ya ce a kawo a gwada amma wurin zai yi kwari. Na kashe wayar yana cikin dariya. Na dawo gida bayan la'asar, har yanzu ƙwas, ƙwas, sai na sake fita.

Da Inna ta gama ta wanke dutsen, ta aro ɗan dutsen da ake murzawa da shi, ta fara niƙa dusa don ta kwashe tsakuwa, aka zuba wa kaji. Daga nan ta niƙa yaji. Abin haushi, dutsen ya ci aiki, don giranayit ɗan'uwan duwatsun niƙan da ake kawo mana ne daga wajen Zamfara, yashin da ke ƙarƙashinsa kuma ya hana shi tsagewa. Ƙorafinta ɗaya, wai an yanka shi siriri kamar faranti don rowa. Kafin mako ya zagayo matan unguwa, yawancinsu 'yan hijira irinta waɗanda suka baro duwatsunsu a ƙauyuka, sun fara shigowa da barkono da daddawa da jiƙaƙƙen wake. Inna ke cewa wace za ta fara, ita ke faɗa in an bar dutsen ba wanki. Na ji muryarta ta dawo yadda na san ta, har da tsawa. Ina jin daɗi ina jin takaici, in na dubi gefen da ya rage yana ƙyalli sai in kau da kai.

Ana cikin haka mai ɗora kanta ya iso ba sanarwa, da injinsa a kafaɗa. Kafin in tare shi a zaure ya riga ya shigo. Ya ga dutsen ya dafe kai.

"Innalillahi! Wa yab ɓata wanga? Alhaji, ai ƙyallin ga shi kas saya! Wanga ba dutsin niƙa na ba, na ado na!"

Matan da ke jiran layi suka dubi juna. Inna tana riƙe da ɗan dutsen, ta ajiye shi a hankali, ta goge hannu a zaninta. Na ja mutumin waje kamar zan cire masa hannu. Na ce ya ɗora gajeren fallen a kan kantar, sauran a cike da tayil, dogon kuma kada ya ƙara ko kallonsa. Ya ce ana iya yanke gefe a ceci wani abu. Na ce ban tambaye shi ba.

Da yamma, ina alwala, na ji Inna tana ce wa matata a hankali, "Ashe ɓanna niy yi ma mutane. Baƙo da yak kai ga ɓanna ya daɗe."

Na bar butar na miƙe. Ban iya fuskantarta ba ni ma, sai na juya wajen matata na ce, "Hwaɗa ma Inna dutsinta na. Don ita anka sawo shi, ta yi abin da taka so da shi." Washegari Inna ba ta taɓa dutsen ba, jibi ma haka. Matan suka riƙa leƙowa suna komawa da ƙoƙunansu. Ta koma ƙarƙashin dogon yaro tana jan carbi, tuwo yana dawowa rabi. A kwanakin nan ban je kasuwa ba, ban kuma zauna a gida ba, ina tsakanin zaure da bakin titi. An gama girbi, amalanke sai wucewa suke da damman gero, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Ranar kasuwa sai ga Baffa, ƙanen Babana, wanda ya yi zaman hijirarsa a Sabon Birni. Tsakaninsa da Inna wasa ne irin na mace da ƙanen miji, ko da furfura ta cika musu kai. Ya zauna ya sha ruwa, ya ce shi da wasu magidanta sun yanke shawarar komawa, an ce abin ya ɗan lafa, zaman gari kuma ya ishe su. Ya ce ya je ya duba da idonsa.

"Ɗakinki na nan tsaye, matata, ɓarayin ba su taɓa shi ba. Nau na sunka ƙone ma ƙyaure, ina kwana ina kallon taurari awa makiyayi. Na zo in tai da ke, in dai ba kin zama 'yab birni ba."

"Kai dai ba ka da aiki," in ji Inna, amma ba ta yi dariya ba.

Ina zaune a bakin tabarma, kaina a ƙasa. Manya suna magana ba ni da ta cewa. Ina so in ce Baffa, lafawar nan mun sha jinta, ina so in ce ku tafi ku bar min uwata, amma sai tsinke kawai nake karyawa a hannu. Na tabbata ta tafi, don an kawo mata abin da take jira, a daidai lokacin da kunya ta sa gidana ya fita ranta.

Sai aka yi sallama. Tsohuwar Tozai ce, da ƙwaryar jiƙaƙƙen wake a hannu. Ta ga baƙo ta tsaya daga nesa, ta ce jikarta ce ta haihu, ana son ƙosai, injin unguwa kuma ba mai. Ta durƙusa gaban dutsen ta zuba wake ta fara murzawa, waken yana zamewa ta gefe. Inna ta dube ta, ta kau da kai, ta sake dubawa.

"Ba hakanan ba," ta ce da tsawa. "Kin hau inda ban kai ga kodawa ba. Kauce."

Ta tashi ta je ta karɓi ɗan dutsen, ta gyara zama, ta fara niƙa. Baffa yana jira, ni ma ina jira. Sai da farin ƙullu ya fara taruwa a bakin dutsen sannan ta yi magana, ba ta daina aiki ba.

"Ku tai, Allah shi tsare. Ni na hwara aikin da ban ida ba. Ɗiyan ga ba wadda ta iya koda, in nit tahi sai su kashe shi." Ta ƙara wake. "In ka isa, ka cire ƙyauren ɗakina ka sa ma naka. Na kirki na, yayanka yas sa anka yi shi shekarad da munka yi aure."

Abin da na yi ta zarya a kansa wata da watanni ke nan, ga shi ya samu, amma murnar da nake jira ba ta zo ba. Wani irin baƙin ciki ne ya danne ni, don na san abin da ake nufi da ɗakin ƙasa a cire masa ƙyaure. Baffa ma ya sani, wasan ya fita daga fuskarsa.

"Yaya," ya ce, "ɗaki ba ƙyaure awaki ka shiga. Damina guda ta isa ta kada shi."

"Na sani," in ji Inna.